Gado ko Haye? Ciwon Baffa da Neman Kalma

Bahaushe ya daɗe da raba masu sana'a gida biyu, watau 'yan gado da 'yan haye. Maƙerin da ya buɗe ido ya tarar da ubansa a bakin zugazugi, shi ne ɗan gado. Wanda kuwa ya tashi a gidan noma, sa'an nan ya je ya koyi ƙira da girmansa, ɗan haye ne, ko shigege, kuma ko da ya fi kowa iya sarrafa ƙarfe ba a fasa tuna masa asalinsa. Wannan rabo ya shiga wanzanci da fawa da jima da roƙo. Amma da aka zo kan cuta sai harshen ya tsaya da ƙafa ɗaya, domin muna da cutar gado, ba mu kuwa tanadar mata abokiyar burmi ba. Daɗin daɗawa, kalmar jini a wurinmu ita ce kalmar zumunta. Mutum yakan nuna ɗansa ya ce jininsa ne. Saboda haka duk ranar da likita ya ce cuta tana cikin jini, to, abin da kunnen Bahaushe ya ji shi ne tana cikin dangi.

Abin da nake so in tattauna a wannan ɗan rubutu shi ne wata cuta wadda lalle a cikin jini take, tushenta kuma yana can cikin ƙwayar halitta, amma ba a gadonta daga iyaye, ba a kuma bar wa 'ya'ya ita. Ni ɗalibin Hausa ne, ba na likitanci ba. Dalilin da ya sa na tsoma baki shi ne cutar ta kama ƙanen mahaifina a Kademi, cikin ƙasar Gaya, kuma rashin kalmar da za a bayyana ta da ita ya kusa watsa auren 'yarsa.

A daminar 2018 ne Baffa ya fara sauya kama. Mutumin da yake yini a gonar gero da gyaɗa sai ga shi yana neman inuwa tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Da dare ya yi ta gumi har ya jiƙa tabarma, in an kawo tuwo ya yi loma uku ya ce ya ƙoshi, ga rama tana ƙaruwa alhali cikinsa yana girma. In ka ɗora hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu sai ka ji wani abu mai tauri kamar an cusa masa ƙwarya. Kowa ya kawo nasa sanin. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce basir, waɗanda suka fi kusa da gaskiya suka ce saifa ce ta kumbura, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho da 'yan tsage-tsage a gefen ciki. Ba a rasa masu raɗa cewa sammu ne ba, domin a shekarar ya yi rigimar iyakar gona da wani maƙwabcinsa. Sai bayan kaka, da aka sayar da gyaɗa, aka samu abin da za a kai shi Kano.

A wani babban asibiti na Kano aka ɗebi jininsa. Likita ya ce fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya, a cikin ɗan ma'aunin da suke aunawa, suna tsakanin 4,000 da 11,000, na Baffa kuwa sun haura 200,000. Aka sa allura mai kauri a ƙashin ƙugunsa aka zuƙo ɓargo, domin a cikin ɓargo ake ƙera jini. Daga nan aka gaya mana sunan cutar, watau sankarar jini irin mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffa uku, CML. Saifar nan da ta cika masa ciki, ashe tarin waɗannan ƙwayoyi ne suka maƙare ta. A Turai cuta ce ta dattawa, galibi masu shekara 60 ko fiye, amma a Nijeriya yawancin waɗanda ake gani ba su wuce shekara 40 ba ko kusa da haka. Baffa yana da 41 a lokacin.

Kafin in ci gaba da labarinsa tilas in bayyana abin da ya ɓaci a jikinsa, gwargwadon yadda na fahimta daga bakin likitoci da kuma karatun da larura ta sa na yi.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu 'yan zarurruka guda 46 da ake kira kuromosom, a jere biyu-biyu, watau tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jikinsu aka rubuta dukan umurnin da ƙwayar take bi. Ko wannan adadi ma bai daɗe da tabbata ba, domin masana sun shekara fiye da 30 suna cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga daidai a birnin Lund na ƙasar Suwidin. Ita kanta cutar an san ta tun 1845, sa'ad da John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin kowannensu ya bayyana mamacin da jininsa ya yi fari-fari, saifarsa kuma ta yi girman da ya wuce kima. Amma an yi shekara 115 ana ganin ɓarnar ba a san mafarinta ba.

A 1960 wasu mutum biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka duba ƙwayoyin jinin mutum 7 masu wannan cuta, suka ga kowannensu yana da wani ɗan guntun kuromosom wanda ba a gani a jikin mai lafiya. Aka sa masa sunan garin, shi ya sa har yau ake cewa kuromosom ɗin Filadelfiya. Wannan shi ne karo na farko da aka danganta wata irin sankara da wani takamaiman aibi a kuromosom. An ɗauka gutsurewa ya yi, guntun ya ɓace. Sai a 1973 wata likita a Jami'ar Shikago, Janet Rowley, ta yi amfani da sabon rini mai fitar da zane-zane a jikin kuromosom, ta yanyanka hotunansu tana jerawa a kan teburin cin abincin gidanta, ta gano ashe ba abin da ya ɓace. Wutsiyar lamba 22 ta tsinke ta je ta manne a jikin lamba 9. Daga baya aka tabbatar musaya ce, domin shi ma lamba 9 ya ba da ɗan gutsurensa ga lamba 22. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan cuta ana ganin wannan musaya a ɓargonsu.

To, ina laifin musaya in ba abin da ya salwanta? Laifin yana wurin mahaɗa. A cikin shekarun 1980 aka gane cewa a daidai inda aka yi ɗorin, wani umurni mai suna ABL da ya taso daga lamba 9 ya haɗu da wani mai suna BCR na lamba 22, suka zama umurni guda wanda ba ya cikin halittar mai lafiya. Aikin ABL na asali shi ne ya ba ƙwaya izinin hayayyafa in da bukata, sa'an nan ya yi shiru. Bayan ɗorin kuwa sai ya zama kamar famfon da kansa ya lalace, ba ya rufuwa dare da rana. Ƙwaya ɗaya tak a cikin ɓargo ce take fara samun wannan aibi, amma da yake ta fi 'yan'uwanta saurin haihuwa, zuri'arta ce take cinye gidan. A 1990 aka sa wannan haɗaɗɗen umurni a ɓargon ɓeraye a ɗakin bincike, suka kamu da cuta mai kama da ta mutane, aka tabbatar shi ne mafari.

Sanin mafari shi ya kawo magani. A da ana ba da magunguna masu rage yawan ƙwayoyin kawai, mara lafiya ya samu sauƙi na shekara 3 zuwa 5, sa'an nan cutar ta rikiɗe ta zama mai gaggawa ta tafi da shi cikin 'yan watanni. Masu bincike na kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan, wanda daga baya ya zama Novartis, tare da likita Brian Druker na jihar Oregon, suka samar da wata ƙwaya da take toshe bakin famfon nan shi kaɗai, ta bar sauran jiki. An fara gwada ta a kan mutane a 1998, aka amince da ita a Amurka a watan Mayu na 2001. Sunanta imatinib, a kasuwa kuma Glivec. Mai shan ta kullum, in an kama cutar da wuri, yakan yi tsawon rai kusan daidai da na sa'o'insa.

Kuɗin wannan magani ya fi ƙarfin manomin Kademi nesa ba kusa ba. Abin da ya ceci Baffa shi ne shirin bayar da shi kyauta da kamfanin ya yi tare da wata gidauniya ta Amurka mai suna Max, wanda a Nijeriya ya fara a 2003 a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi. Shekaru da dama marasa lafiya daga kowace kusurwa ta ƙasar nan can suke zuwa, kuma ba a ba mutum sai an tabbatar da musayar nan a jikinsa. Ni aka haɗa shi da ni domin ina jin Turanci. Muka bi ta Wudil muka shiga Kano, daga nan muka ɗauki hanyar kudu, tafiyar fiye da kilomita 800, yana kishingiɗe a kafaɗata yana riƙe da gefen cikinsa duk sa'ad da mota ta faɗa rami. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota da na gwaji da na masauki sun cinye masa bijimi guda. Bayan wata 3 da fara sha saifar ta koma mazauninta, damina ta gaba kuwa shi ya yi huɗar gonarsa.

Wani abu da likitar can ta nanata mana, wanda na ga ya kamata in rubuta, shi ne haɗarin barin magani don an ji sauƙi. Ta ce ƙwayoyin da suka riga suka samu aibi ɗaya suna da saurin ƙara wani. In aka sake su, sai a wayi gari lamba 8 ya zama uku maimakon biyu, ko guntun Filadelfiya ya zama biyu, ko lamba 17 ya zubar da gajeren hannunsa ya ninka dogon, ko a samu ƙarin lamba 19. Ganin waɗannan alama ce cutar ta kama hanyar rikiɗewa, kuma in ta rikiɗe maganin ba ya riƙe ta sosai. Wani lokaci kuma umurnin nan ne yake sauya siffa yadda ƙwayar ba ta kama shi, sai a koma ga ƙannenta da aka fitar a 2006 da 2007 da bayansu. Baffa ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Ko da azumi ba ya fashi, yana sha ne bayan ya yi buɗa-baki ya ci abinci.

Shekara 6 muna cikin wannan rufin asiri, sai maganar aure ta taso. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin rukunin jini saboda amosanin jini, watau sikila. Gidajen rediyo suka yi ta wayar da kai, kuma sun kyauta, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin sikila, in biyu suka haɗu kuwa kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Kalmar da masu jawabi suka fi amfani da ita ita ce ƙwayar halitta. Ana cikin haka wani saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Ajingi ya nemi babbar 'yar Baffa, aka kai gaisuwa, aka yi gwaji, ita AA shi AS, ba wata matsala. Sai gwaggon yaron ta ji labari cewa uban yarinya yana da cutar jini, kuma likitoci da bakinsu sun ce a ƙwayar halitta take. Ta ce sam, ba da ita ba.

Ban ga laifin wannan tsohuwa ba. Ta binne jikoki biyu da sikila ta kashe, ta san kukan yaro cikin dare lokacin hunturu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Hasali ma ta yi amfani da hankalinta daidai a kan abin da aka ba ta. An ce mata sikila cutar jini ce, a ƙwayar halitta take, gado ce. An ce mata ciwon Baffa cutar jini ce, a ƙwayar halitta take. Wane mai hankali ne ba zai ƙarasa jimlar ba? Aibin yana ga kalmar, domin da ƙwayar halitta muke kiran ita ƙwayar jiki, da ita muke kiran zaren da ke cikinta, da ita kuma muke kiran umurnin da ke rubuce a jikin zaren. Abu uku, suna ɗaya.

Mahaifina ya ce tun da ni na je Ile-Ife, ni zan je in yi bayani. Uban yaron malamin zaure ne, na same shi bayan la'asar da littattafansa na warƙa-warƙa a cikin gafaka, irin waɗanda ba a ɗinke ba. Ganinsu ne ya buɗe mini ƙofa. Bayan gaisuwa na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ce malami yana da littafi mai babi 23, ya ba almajirai suna juya, kowane ɗaki na makaranta da nasa juyin. Wani almajiri a ɗaki guda ya yi gyangyaɗi, ya ɗauki warƙoƙin ƙarshe na babi na 9 ya sa a ƙarshen na 22, na 22 kuma ya mayar na 9. Duk wanda ya juya daga nasa zai kwashi kuskuren. Na sauran ɗakuna fa?"

Ya ce, "Suna nan yadda suke."

Na ce, "To, ɗakin nan guda shi ne ɓargon Baffa."

Ya yi shiru yana shafa gemu, sa'an nan ya jefo tambayar da ta nuna mini ya riga ni isa. Ya ce, "Yaro, wanda aka ba yarinyar, daga wane ɗaki aka juyo shi?" Na ce daga wani ɗaki dabam, domin irin da ɗa yake samuwa daga gare shi ba ya bi ta ɓargo, tun mutum yana ciki aka ware shi. Na ƙara masa da cewa in aka ɗebi fatar mai wannan cuta aka duba ba a ganin musayar, kuma an ga tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Sikila kuwa a uwar littafin take, wanda aka karɓo daga iyaye, shi ya sa take cikin kowane ɗaki har da na iri. Ya tambaye ni me ya sa almajirin gyangyaɗi. Na ce abin da bincike ya tabbatar yana jawo ta shi ne tururin nukiliya mai yawa, kamar yadda aka gani ga waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945, amma galibin masu ita haka kawai take faɗo musu, mutum 1 ko 2 cikin 100,000 a shekara, ba abinci ba, ba maƙwabci ba. Malam ya ce, "Ashe shigege ce."

Kalmar nan tasa ita ta sa ni wannan rubutu. Ni na je da misalin littafi, shi kuwa ya ba ni suna, daga cikin rumbun da muke da shi tun kaka da kakanni. Da muka shiga cikin gida gaishe da gwaggon, bai yi mata zancen warƙa ko babi ba. Cewa ya yi, "Yaya, ciwon nan ɗan haye ne, ba ɗan gado ba." Ta dube shi ta dube ni, ta ce ta ji, amma duk da haka a auna mata jinin yarinyar ta gani. Likita ya ce ba bukata, amma aka auna don a zauna lafiya, fararen ƙwayoyinta suka fito daidai. An ɗaura aure bayan kaka.

Ina ganin a nan akwai aiki a gabanmu mu 'yan Sashen Hausa. Magabatanmu sun yi wa nazarin harshe da adabi keɓaɓɓun kalmomi, har aka buga ƙamusunsu a 1990 wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau muke cewa ɗafi da tsarin sauti da jigo ba tare da mun waiwayi Turanci ba. Ɗakin likita bai samu irin wannan gata ba, ga shi kuwa doka ta kai maganar gadon cuta har zauren ɗaurin aure. Shawarata ita ce a gwada cutar gado da cutar haye a matsayin tagwaye. Na san akwai abin da za a ce. Wani abokin karatuna ya nuna mini cewa mai saurare zai iya ɗaukar haye da ma'anar cutar da take hawa mutum daga jikin wani, kamar ƙyanda ko tarin fuka, alhali wannan ba a ɗaukarta ko da an ci a ƙwarya ɗaya. Maganarsa tana da ƙarfi. Shigege ba ta da wannan matsala, sai dai tana da ɗan ƙamshin gori, kuma mara lafiya ba ya bukatar ƙarin gori. Ni dai na fi karkata ga haye, a bisa sharaɗin a riƙa kawo ta tare da gado a jimla guda, kamar yadda Malam ya yi, domin a nan ne Bahaushe yake jin ta da ma'anar sana'a. Game da abubuwa ukun nan kuwa, in aka bar wa ƙwayar jiki sunanta, aka ce zaren halitta ga kuromosom, aka ce umurnin halitta ga abin da ke rubuce a jikinsa, ko ba komai an raba musu ɗaki. Malamaina sun fi ni sanin inda waɗannan za su yi tuntuɓe.

Shi Baffa ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu. Tun ranar da likitar Ile-Ife ta zana masa zare biyu a takarda ta rubuta lamba a ƙarƙashin kowanne, in aka tambaye shi abin da yake damunsa sai ya ce tara da ashirin da biyu, kamar mai faɗin lambar mota. Da na gaya masa cewa masu irin ciwonsa a duniya sun keɓe ranar 22 ga watan 9 ta kowace shekara saboda waɗannan lambobi, sai ya ƙirga da yatsa ya ce lokacin yankan gero ne, ba zai samu zuwa ba.